Duwatsun Sararin Samaniya: Kada Mu Firgita, Kada Kuma Mu Yi Barci

Ran 3 ga watan Oktoba na shekara ta 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa a kusa da Zagami, cikin Lardin Katsina na wancan zamani, sai ya ji wata ƙara mai kama da tsawa, iska mai ƙarfi ta buge shi, ƙura ta tashi. Da ƙurar ta lafa sai ga rami mai zurfin ƙafa 2, bai fi ƙafa 10 daga inda yake tsaye ba, da wani baƙin dutse a ciki. Nauyin dutsen kilo 18 ne. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna, bayan wasu shekaru kuma masana suka tabbatar cewa ɓalli ne daga duniyar Mars. Har yau sunan Zagami yana cikin littattafan masana taurari ko'ina a duniya.

Ba wannan kaɗai ba ne. Ran 3 ga Agusta 1974 wani dutse mai nauyin kusan kilo 5 ya faɗo a Mayo Belwa ta ƙasar Adamawa. Ran 3 ga Afrilu 1984 kuma wani ya faɗo a yankin Gujba, wanda yake cikin Jihar Yobe a yanzu, mutanen ƙauye suka farfasa shi kowa ya ɗauki rabonsa. Ke nan duk wanda yake tsammanin zancen duwatsun sama zance ne na Turawa da fina-finansu, bai san abin da ya riga ya faɗo a gonakinmu ba.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a farkon shekara ta 2025 labari ya bazu a jaridu da wayoyin hannu cewa wani dutse yana iya faɗowa a 2032, har aka ambaci Nijeriya cikin ƙasashen da ke kan hanyarsa. Waɗansu 'yan'uwa suka tsorata, waɗansu kuwa suka yi dariya suka ce ƙaryar Bature ce. Nan gaba kaɗan, a watan Afrilu na 2029, wani dutsen zai wuce kusa da duniya har mu gan shi da idonmu. Kafin wannan dare ya zo, ya kamata kowane mai bi ya san gaskiyar al'amarin, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mene ne waɗannan duwatsu?

Ban da duniyarmu da sauran duniyoyin da ke kewaya rana, akwai tarin duwatsu da ƙarafa waɗanda su ma suke kewaya ta, kowanne a kan tasa hanya. Yawancinsu suna tsakanin duniyar Mars da duniyar Jufita, nesa da mu ƙwarai. Wanda ya fara gano ɗaya daga cikinsu malamin ikkilisiya ne, wani Fada na Katolika mai suna Giuseppe Piazzi, a birnin Falamo na ƙasar Italiya, ran 1 ga Janairu 1801. Abin da ya gano shi ne babbansu duka, faɗinsa ya kai kilomita 940. Daga wannan rana zuwa yau an gano fiye da miliyan ɗaya. Har yanzu kuma fadar Paparoma tana da nata gidan binciken taurari, inda aka ajiye duwatsun sama masu yawa domin nazari.

Wani lokaci ƙarfin jan manyan duniyoyi yakan karkatar da hanyar wani dutse, sai ta riƙa gittawa kusa da hanyar duniyarmu. Irin waɗannan ne ake sa wa ido. Ƙananansu kuwa kullum suna shigowa. Abin da muke gani da dare yana ja da haske, mu ce tauraro ya faɗi, ba tauraro ba ne, tsakuwa ce wadda sau da yawa ba ta fi ƙwayar gero ba, tana ƙonewa a cikin iska. Allah cikin hikimarsa ya lulluɓe duniya da iska mai kauri wadda take cinye yawancinsu tun ba su iso ƙasa ba.

Abin da ya sa babban dutse yake da haɗari shi ne gudunsa. Yakan shigo da gudun kimanin kilomita 20 a sakan ɗaya. Da irin wannan gudu, tafiya daga Kano zuwa Kaduna ba za ta wuce sakan 12 ba. Dutse mai girman gida in ya bugi iska da wannan gudu, fashewa yake yi kamar bam.

Ɓarnar da suka taɓa yi

'Yan'uwanmu da ke zaune a zangon Kumasi sun san Tafkin Bosumtwi na ƙasar Gana. Wannan tafki yana kwance ne a cikin wani ƙaton rami mai faɗin kilomita 10 da rabi, wanda masana suka tabbatar faɗuwar dutse ce ta haƙa shi. A hamadar arewacin Cadi ma akwai irin wannan tabo a Aorounga. Mafi shahara duka yana gaɓar tekun Meksiko, inda masana suka ce wani dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗa, a lissafinsu shekara miliyan 66 da suka wuce, ya hallaka yawancin halittun da ke duniya a lokacin.

Waɗannan tsofaffin al'amura ne, amma akwai na kusa. Da safiyar 30 ga Yuni 1908, wani dutse mai faɗin kamar mita 50 ya fashe a sama a yankin kogin Tunguska, cikin dajin Saberiya na ƙasar Rasha. Bai ma taɓa ƙasa ba, amma ƙarfin fashewarsa ya kwantar da itatuwa kimanin miliyan 80 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,000 da ɗoriya. Sa'ar da aka yi ita ce daji ne wanda mutane ba su da yawa a cikinsa. Da a kan babban birni ne, da birnin ya zama kufai.

Sai kuma ran 15 ga Fabrairu 2013, da misalin ƙarfe 9 da minti 20 na safe, wani dutse mai faɗin kimanin mita 20 ya fashe a sama da birnin Celiyabinsk, shi ma a Rasha. Ya fashe ne a tsayin kusan kilomita 30, da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima wajen sau 30. Ba wanda ya san yana tafe, domin ta wajen rana ya ɓullo, inda madubin hangen nesa ba ya iya dubawa. Gine-gine fiye da 7,000 suka lalace, mutum kimanin 1,500 suka je asibiti, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Akwai darasi a yadda mutanen suka ji rauni. Haske ne ya fara zuwa, ƙarar kuwa ba ta iso ba sai bayan minti biyu ko fiye. Jama'a suka ruga bakin taga don su ga abin da ya haska, suna tsaye a nan iskar fashewar ta iso ta tarwatsa gilasai a fuskokinsu. Wata malamar makaranta kuwa, da ganin hasken sai ta umarci yaranta 44 su shige ƙarƙashin tebura. Ita ta ji rauni, yaran kuwa ba wanda ya ƙwarzane. Ɗan sanin da take da shi ne ya raba yaranta da sauran jama'a.

Yadda aka soma tsaro

Abin da ya farkar da gwamnatoci ya faru ne a watan Yuli na 1994. Wani tauraro mai wutsiya wanda Eugene Shoemaker da matarsa Carolyn da David Levy suka gano a 1993 ya riga ya tsattsage gida 21, gutsattsarin suka yi ta faɗawa duniyar Jufita ɗaya bayan ɗaya har kwana 6. Waɗansu tabunan da suka bari sun kai girman duniyarmu. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 1998 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta karɓi aikin nemo kashi 90 cikin 100 na duwatsun da faɗinsu ya kai kilomita ɗaya waɗanda ke gittawa kusa da mu. An cim ma wannan buri wajen 2011, ba a kuma sami ko ɗaya daga cikinsu da zai buge mu cikin shekara 100 masu zuwa ba. Wannan abin godiya ne ga Allah, gama irin waɗannan manya ne suke iya jefa duniya duka cikin duhu da yunwa.

Aikin neman kuwa na haƙuri ne. Akwai manyan maduban hangen nesa a kan duwatsun Arizona da tsibirin Hawai a Amurka, da ƙasar Cile, da Afirka ta Kudu. Kowane dare sukan ɗauki hoton yanki ɗaya na sama sau da dama, da ratar 'yan mintoci a tsakani. Taurari na ainihi ba sa sauya tsarinsu, don haka in kwamfuta ta ga wani ɗigo ya gusa daga hoto zuwa hoto, sai a aika da labarinsa zuwa wata cibiya da ke Jihar Masacusets, wadda take tattara rahoton duniya duka. Daga nan masu bincike na sauran ƙasashe su bi sawunsa, har a lissafa hanyarsa ta shekaru masu yawa. Zuwa ƙarshen 2025 duwatsun da aka sani masu gittawa kusa da duniya sun kai wajen 40,000.

Amma da sauran aiki. A 2005 majalisar Amurka ta ba da umarni a nemo masu faɗin mita 140 zuwa sama, irin waɗanda ɗaya zai iya shafe babban birni da kewayensa. An ƙiyasta sun kai 25,000, waɗanda aka gano kuwa ba su kai rabi ba. An kuma gina sabon gidan hangen nesa mai suna Vera Rubin a Cile, wanda a gwajinsa na farko a 2025 ya gano sababbin duwatsu fiye da 2,000 cikin kimanin awa 10. NASA kuma tana haɗa wani madubi da za a harba sama, mai gane duwatsu ta ɗuminsu, don ya ga baƙaƙen da ba sa haske da masu ɓuya ta wajen rana.

A nahiyarmu ce aka fara ganin amfanin wannan tsaro. Ran 6 ga Oktoba 2008, wani mai bincike a Arizona mai suna Richard Kowalski ya hango wani ɗan dutse mai faɗin mita 4. Cikin 'yan awoyi aka lissafa cewa zai shigo ta arewacin Sudan kafin gari ya waye. Haka kuwa aka yi, ya fashe a sama da hamadar Nubiya a daidai lokacin da aka faɗa. Bayan wata biyu malamai da ɗaliban Jami'ar Hartum suka jeru a cikin rairayi suna tafiya a ƙasa, har suka tsinto gutsattsarinsa ɗaruruwa. Shi ne karo na farko a tarihi da aka ga dutse tun yana sama, aka kuma faɗi wuri da lokacin faɗuwarsa.

Me ya sa lissafi yake hawa da sauka?

To, mu koma ga dutsen da ya tayar wa jama'a hankali a 2025. An gano shi ne ran 27 ga Disamba 2024 daga Cile, aka ba shi lamba 2024 YR4. Faɗinsa kimanin mita 60 ne, wato sa'an na Tunguska. A ƙarshen Janairu aka ce yiwuwar ya buge mu ran 22 ga Disamba 2032 ta haura kashi 1 cikin 100. Ƙungiyar gargaɗi ta ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa bisa shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da sanarwa cewa in har zai faɗo, zai faɗo ne a kan wani dogon layi da ya taso daga tekun Fasifik, ya ratsa arewacin Amurka ta Kudu da tekun Atlantika da Afirka, har kudancin Asiya. Ran 18 ga Fabrairu lissafin ya kai kashi 3.1 cikin 100, wato kamar 1 cikin 32. Bayan mako ɗaya kuma sai ya faɗi kusan babu.

Waɗansu suka ce ai ga shi nan, masanan ba su san abin da suke yi ba. Amma bari mu ba da misali. A ce mai gadi yana bisa ganuwa, ya hango ƙurar mahayi daga nesa, ya nufo gari mai gida 100. A wannan lokaci kowane gida yana iya zama masaukinsa, rabon gidanka 1 ne cikin 100. Da ya matso sai mai gadi ya ga unguwarku ya nufa, mai gida 30, rabonka ya hau zuwa 1 cikin 30. Da ya ƙara matsowa sai aka ga ya karya ta wani lungu daban, rabonka ya koma babu. Mai gadin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. A kowane lokaci iyakar abin da idonsa ya gani yake faɗa. Haka lissafin duwatsun sama yake, yakan hau kafin ya faɗi, domin kowane sabon hoto yana ƙara tsuke inda dutsen zai bi.

Za a iya kawar da dutse daga hanya?

An riga an gwada. A watan Nuwamba na 2021 NASA ta harba wani kumbo mai suna DART, mai nauyin kimanin kilo 600, ba kowa a cikinsa. Inda aka nufa da shi wani dutse ne mai suna Dimofos, mai faɗin kimanin mita 160, wanda yake kewaya wani babban dutse mai suna Didimos kamar yadda wata yake kewaya duniya. Ba ɗayansu da yake barazana gare mu, an zaɓe su ne don gwaji kawai. Bayan tafiyar wata 10, ran 26 ga Satumba 2022, kumbon ya daki Dimofos da gudun kilomita 6 a sakan, a wuri mai nisan kilomita miliyan 11 daga duniya.

Kafin bugun, Dimofos yana gama kewayensa cikin awa 11 da minti 55. Masu aikin sun ce ko da sakan 73 aka rage, za su ɗauka an ci nasara. Da aka auna sai aka ga an rage minti 32. Abin da ya ƙara ƙarfin turin shi ne tarin tsakuwa da ƙura da suka yi tsalle daga jikin dutsen, suka tura shi baya kamar yadda bindiga take dukan kafaɗar maharbi. Wannan ne karo na farko da ɗan'adam ya sauya tafiyar wani abu na sararin samaniya. Kuɗin aikin ya ɗan haura dala miliyan 300. Hukumar sararin samaniya ta Turai kuma ta harba nata kumbon mai suna Hera ran 7 ga Oktoba 2024, aka tsara ya isa wurin a ƙarshen 2026 don ya duba tabon da kyau.

Mai karatu zai ce, ɗan wannan turi me zai yi wa dutse mai girman tsauni? Amsar tana cikin lokaci. Duniya tana tafiya a kan hanyarta da gudun kilomita 30 a sakan, takan kuma wuce tsawon faɗin kanta cikin minti 7. Ke nan in aka sa dutse ya makara ko ya yi sammako da 'yan mintoci, zai iso mahaɗar ya tarar duniya ba ta nan. In aka sauya gudunsa da santimita ɗaya tak a sakan, bayan shekara 10 bambancin ya haura kilomita 3,000. Amma in saura wata biyu aka gan shi, ba kumbon da zai iya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa masana suke cewa nema ya fi bugu muhimmanci.

Akwai waɗansu dabarun da ba a gwada ba tukuna. Ana iya aika kumbo mai nauyi ya yi ta tafiya a gefen dutsen shekara da shekaru, yana jansa a hankali. In kuwa dutsen babba ne lokaci kuma ya ƙure, ana zancen tayar da bam na nukiliya a kusa da shi, ko da yake yarjejeniyar ƙasashe ta 1967 ta hana girke irin waɗannan makamai a sararin samaniya. In dutsen ƙarami ne, abin da ya fi sauƙi shi ne a kwashe mutane daga inda zai faɗo.

A nan akwai wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye. In aka ture dutse turin bai isa ba, ba a kawar da haɗarin ba, an dai gusar da shi ne daga wata ƙasa zuwa wata a kan wancan layi. To, wa zai yanke hukuncin ta ina za a tura shi? Ƙasashe masu kumbo kaɗan ne, ƙasashen da dutse zai iya faɗa wa kuwa duka ne. Nijeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta kuma mallaki tauraron ɗan'adam na farko a 2003. Ya kamata shugabanninmu su tabbatar muryar Afirka tana wurin da ake irin wannan shawara, gama ran talakan ƙauye da ran mazaunin babban birnin Turai ɗaya ne a gaban Mahalicci.

Daren 13 ga Afrilu 2029

Akwai wani dutse mai suna Afofis, mai faɗin kimanin mita 340, wanda aka gano a 2004. A watan Disamba na wannan shekara lissafi ya nuna yiwuwar kashi 2.7 cikin 100 ya buge mu a 2029, amma cikin 'yan kwanaki aka soke wannan. A 2021 aka sake auna hanyarsa da na'urar rada, aka tabbatar ba zai taɓa duniya ba har shekara 100 masu zuwa, ko fiye.

Abin da zai faru shi ne, ran Jumma'a 13 ga Afrilu 2029, kwana 12 bayan bikin Ista, zai wuce da nisan kilomita 32,000 daga doron ƙasa. Wannan ya fi kusa da mu a kan taurarin ɗan'adam masu kawo mana talabijin, waɗanda suke a kilomita 36,000. Mutanen Afirka da Turai za su gan shi da ido bayan faɗuwar rana in sama ta yi garau, musamman a ƙauyuka inda hasken lantarki ba ya kashe ido. Zai yi kama da tauraro matsakaici yana tafiya a hankali a tsakanin sauran taurari, ba ƙara, ba wuta, ba wutsiya. Sunansa kuwa na wani maciji ne a tatsuniyoyin Misirawan dā, waɗanda suka gano shi ne suka raɗa masa, ba wani asiri a ciki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta keɓe 2029 ta zama shekarar wayar da kai a kan wannan al'amari, kamar yadda ta keɓe 30 ga Yuni na kowace shekara tun 2016.

Mun san abin da alamar sama take iya jawowa a ƙasar nan in ba a yi bayani ba. A watan Janairu na 2001 husufin wata ya zama sanadin tarzoma da ƙone-ƙone a Maiduguri. Amma kafin husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Gana da Nijeriya da Nijar, an yi ta faɗakarwa a rediyo da jaridu, jama'a suka san ranar da abin da za su gani tun bai zo ba. Abin da aka sanar tun da wuri ba ya zama makami a hannun mai neman fitina.

Aikin ikkilisiya

A littafin Annabi Ezekiyel sura 33 an ba da misalin mai tsaro wanda jama'a suka ɗora bisa ganuwa. In ya ga haɗari ya yi shiru, alhakin jinin mutane yana wuyansa. Amma mu lura, mai tsaron da yake busa ƙaho alhali ba abin da ya gani, shi ma ya ci amana, domin ran da haɗari na gaske ya zo ba mai saurarensa. Ikkilisiya tana iya faɗawa cikin kowanne daga waɗannan laifuffuka biyu.

Na farko shi ne na masu sa rana. Ba shakka kafin 2029 za a sami masu buɗe Ru'ya ta Yohanna sura 8, inda aka yi zancen babban tauraro mai faɗowa, su ce Afofis ne, su kuma ce a kawo baiko na musamman don a tsira. Mun gaskata Ubangijinmu Yesu Almasihu zai sāke dawowa, wannan shi ne begenmu. Amma shi da kansa ya koya mana, a Matiyu sura 24, cewa sanin wannan rana yana wurin Uba kaɗai. Tarihi kuma ya nuna mana ƙarshen masu sa rana. A watan Maris na 1997 mutum 39 na wata ƙungiya a Amurka suka kashe kansu saboda wani tauraro mai wutsiya. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, shugabannin wata ƙungiya suka sa ranar tashin duniya, mabiyansu suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa kuɗin, a watan Maris na 2000 kuwa aka ƙirga gawa fiye da 700. Duk wanda ya ce ka sayar da gonarka domin duniya za ta tashi, ka tambaye shi me shi zai yi da kuɗin.

Laifi na biyu shi ne na masu cewa tunda Allah ne mai kiyayewa, duban sama da harba kumbo rashin bangaskiya ne. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Da Allah ya bayyana wa Yusufu yunwar shekara 7 da ke tafe, bai naɗe hannu ba, ya gina rumbuna ya tara hatsi, al'ummai suka rayu. Da magabta suka yi wa Nehemiya barazana, addu'a ya yi, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Wanda ya yarda da allurar rigakafin ƙyanda, ya kuma haƙa magudanar ruwa kafin damina, ba shi da dalilin ƙin wannan. Hankalin da ake lissafa hanyar dutse da shi baiwa ce daga wurin Allah, tsarin da ya sa lissafin yake fita daidai kuma aikin hannunsa ne.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata da na matasa su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. A sanar da jama'a ranar 13 ga Afrilu 2029 tun yanzu, a faɗa musu abin da za su gani, a kuma faɗa wa maƙwabtanmu Musulmi da sauran jama'ar gari, gama sama ɗaya ce ta rufe mu duka. In saƙo ya shigo wayarka cewa dutse zai hallaka duniya ran kaza, kada ka tura wa kowa sai ka ji daga bakin hukuma ko gidan rediyon da aka amince da shi. Malaman makarantar Lahadi su koya wa yara cewa in suka ga haske mai tsanani a sama, su nisanci taga su kwanta a ƙasa na 'yan mintoci. In dutse ya faɗo a gona, kada a farfasa shi don laya ko magani, a sanar da hukuma ko jami'a mafi kusa. Iyaye kuma su ƙarfafa 'ya'yansu, maza da mata, a kan lissafi da kimiyya, domin ba a rubuta cewa masu tsaron sama sai daga wata nahiya za su fito ba.

Gaskiyar magana ita ce, a cikin duwatsun da aka sani babu wani babba da zai buge mu a zamaninmu ko na 'ya'yanmu. Zazzabin cizon sauro da haɗarin mota da rashin tsaro sun fi kusa da ƙofarmu nesa ba kusa ba. Waɗanda ba a gano ba tukuna su ne abin nema, akwai kuma mutanen da suke kwana a farke suna nemansu. Mu riƙa tunawa da su cikin addu'a, mu roƙa wa shugabannin ƙasashe hikima da adalci in ranar shawara ta zo. In Allah ya kai mu daren 13 ga Afrilu 2029, mu fito da 'ya'yanmu tsakar gida, mu nuna musu dutsen yana wucewa, mu yi wa Mahaliccinsa godiya.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai natsuwa da ido mai tsaro. Amin.